Bencin Bakin Taga

Yaya,

Wai kin san ƙasar nan da muke takawa juyawa take yi? Ni dai sai jiya na ji, kuma tun da na ji nake ɗaga ƙafa a hankali. Af, yi haƙuri, na faɗo miki da tambaya ko gaisuwa babu. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da jariri, da maigidanki, da duk mutanen gida. Ya bayan naki, ya daina ciwon? Mu nan lafiya lau. Baffa da matarsa suna gaishe ki.

Kin ce in riƙa rubuto miki komai game da ɗiyarki Cinnaka, kar in ɓoye. To rubutuna kin san shi, a aji uku na tsaya. In kin ga harafi ya kwanta ki tashe shi da kanki.

Aikin da Baffa ya samo min a makarantar da yake gadi ba wuya. Ina share azuzuwa, in goge allo, in cika durom ɗin ruwa, in buga ƙararrawa. Ƙararrawar ce ma ta fi ba ni tsoro, don ranar farko na buga ta ba lokacinta ba, yara suka watse da gudu, hedimasta ya fito da biro a baki yana neman wanda ya tashi makaranta.

Cinnaka aji uku aka sa ta, wato ta kamo kawunta ke nan. An ɗinka mata kayan makaranta, sun ɗan yi mata yawa, matar Baffa ta ce gara haka don yara ba sa jiran riga. Amma Yaya, yarinyar nan ba ta magana. Wadda a gida ba ta barin babba ya gama zance sai ta cije shi da amsa, har muka sa mata Cinnaka, nan in an tambaye ta sai ta kalli takalminta. Tana cin abinci, tana barci, ba zazzaɓi. Bakin ne kawai ta rufe. Ban manta abin da kika ce min a tasha ba, cewa in zangon nan ya ƙare ba ta saba ba in mayar miki da ita. Ni kuma na san in ta koma karatun ya ƙare ke nan, tunda makarantar garinmu ko malami babu yanzu. Ba na so ta tsaya inda na tsaya.

Maganar juyawar ƙasa kuwa, malamar ajinsu ce ta faɗa. Ita ke koya musu labarin ƙasa, wato koguna da duwatsu da ina ne gabas ina ne yamma. Mace ce guntuwa mai gilashi, muryarta ta fi ta girma. Tana da wata ƙwallo a kan sanda, an zana duniya a jiki. Ina goge taga na ji ta ce rana ba ta tafiya, mu ne muke juyawa. Na tsaya da tsumma a hannu ina jira ta yi dariya, ba ta yi ba. Da na tambayi Baffa sai ya ce shi shekararsa nawa yana gadin ƙofar nan bai taɓa ganin ta matsa ba.

Duk ƙarshen mako Malama tana yi musu bita, amma da wasa take yi. Ni nake ture mata tebura gefe. Ta manna takarda a kowane bango, ɗaya Gabas, ɗaya Yamma, ɗaya Kudu, ɗaya Arewa. Yara su taru a tsakiya, ta jefo tambaya, misali ina rana take faɗuwa, ko ta wane ɓangare kogi yake a taswirar da ta zana musu, sai kowa ya ruga bangon da yake ganin shi ne amsa. Wanda ya yi kuskure ya fita, ya zauna a wani benci da ke bakin taga. Haka har a bar mutum ɗaya, a yi masa tafi. Ajin nan kamar zai tsage don ihu.

Cinnaka ce ta fara fita. Tambayar farko, wadda ko ni na sani.

Na ce wa kaina baƙunta ce, za ta ware. Ki yi mana addu'a. Ki shafa min kan jariri.

Ƙaninki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Direban motar garinmu ya kawo min saƙonki, na ji jariri ya fara dariya. Wa ya fara yi wa? In ba ke ba ce kar ki ji haushi, kin san ke ma fuskarki sai an saba.

Yaya, an naɗa ni rana. Kar ki yi dariya, ko ki yi, ai ba na gani. Malama ta ce yara sun fi gane abu in sun gan shi yana motsi, sai ta leƙo ta kira ni ina tsakiyar shara. Ta ba ni wata robar wanki rawaya ta ce in ɗaga sama da kaina in tashi daga gabas in tafi yamma a hankali. Na ce mata ai ke kika ce rana ba ta tafiya. Ta ce gaskiya ne, amma haka ido yake gani, in dai yi abin da aka sa ni. To ni tun da na zo garin nan kaina ya juya, ko salla sai da Baffa ya kama kafaɗata ya juya ni. Ga karatun takarda daga nesa yana cin min lokaci. Sai na tashi daga yamma. Wani yaro da suke kira Rediyo, don bakinsa ba ya mutuwa, ya ce yau duniya ta tashi, rana ta fito ta yamma. Har Malama sai da ta cire gilashi ta goge hawaye. Yanzu ko a hanya yara suka gan ni sai su ce ga Rana nan, a kawo lema.

Ban ji haushi ba. Na leƙi Cinnaka ko za ta yi dariyar kawunta, ko murmushi babu.

Wasan bango kuwa, an yi ta yi, kuma kullum ita ce ta farko a benci. Ko me aka tambaya, sai ta tsaya ta ga inda jama'a suka nufa, ita ta taka a hankali zuwa wani bangon daban. Rediyo ya sa mata suna Mai Benci, wai a rubuta sunanta a jiki kar wani ya zauna mata. Saura kaɗan rana ta faɗo masa a ka.

Malama ta kira ni bayan an tashi. Ta yi magana da ladabi, ta ce wataƙila aji uku ya yi wa yarinyar nauyi, in ba a ga canji ba za ta ba da shawara a mayar da ita aji biyu. Matar Baffa kuma ta ce a daina wahalar da yarinya, a kai wa uwarta abarta. Ba da mugunta ta faɗa ba, ita ce ma ke yi mata kitso. Na fita na share tsakar gidan da na riga na share.

Amma ga abin da ya ɗaure min kai. Shekaranjiya na zagaya bayan ɗaki zan shanya riga, sai na ji murya. Cinnaka ce a tsugune, ta jera duwatsu huɗu, ta riƙe murfin kwalba, tana kwaikwayon muryar Malama ƙasa-ƙasa. Ta ce in ka fuskanci gabas me ke hannun hagunka, sai ta kai murfin wajen wani dutse ta ce arewa. Ta yi ta yi. Na laɓe na haddace tambayoyin, washegari na gwada su a kan wani ɗan aji shida, duk amsarta daidai. Yaya, yarinyar nan ta sani. Da gangan take faɗuwa.

Me zai sa mutum ya san amsa ya ƙi ta? Ni da ban sani ba ina ɗaga roba ina neman sani.

Yau da yamma ina share ajinsu, bayana ya gaji, na zauna a bencin nan. Ban taɓa zama a kai ba. Ashe daga nan ana hango babban titi ta saman katanga, wanda motoci ke bi su shiga tasha. Ina zaune wata bas irin wadda ta kawo mu ta wuce da kaya a sama. Sai na tuna ranar da muka fara zuwa makarantar, ta ja rigata ta tambaye ni ta ina Mama take, ni kuma na nuna mata titin nan na ce ta can. Daga teburinta ba a ganinsa. Sai wanda ya faɗi wasa ne yake samun taga.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na daɗe a bencin. Sai da Baffa ya buga ƙofa ya ce zai kulle.

Kar ki yanke komai tukuna, don Allah. Gobe zan sami Malama, ko da yake ban san ta inda zan fara ba. Ki gaida maigida.

Ƙaninki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya gida, ya rainon jariri, ya haƙuri da rashinmu? Na ji kin ce wa direba kin kasa barci bayan kin karanta wasiƙata. Ki yafe min, ke kika ce kar in ɓoye.

Na sami Malama. Na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ina ta kame-kame, har ta ce in ajiye tsintsiyar in yi magana kamar mutum. Na faɗa mata duwatsun, na faɗa mata titin. Ta tashi ta je ta zauna a bencin da kanta, ta daɗe tana kallo. Na ɗauka za ta ce a ɗauke bencin. Sai ta tambaye ni ta wane ɓangare garinmu yake daga nan. Na ce ta tasha. Ta ce tasha ba ɓangare ba ce, gabas ko yamma ko kudu ko arewa. Na ce wallahi ban sani ba, ni barci na yi a mota. Ta tambayi lokacin da muka taso, na ce da sassafe. Ta ce shi ke nan, ranar bita in zo da robata.

Ranar bita ba a yi wasan bango ba. Malama ta sa na jera kujeru bibbiyu kamar cikin bas. Rediyo ya ce shi ne direba tun ba a tambaya ba, ya ɗauki murfin bokiti ya yi sitiyari, wata yarinya ta zama kwandasta tana kiran fasinja. Malama ta ce yau sabon wasa ne, akwai wani gari da ya ɓace, duk ajin za su nemo shi, kuma mutum ɗaya ce ta san hanya. Ta zaunar da Cinnaka a kujerar gefe, ta ce ta tuna safiyar da ta taho. Ni kuma ta ce in tsaya inda rana take a ranar.

Ina zan sani? Na je hagun motar na ɗaga roba. Shiru. Malama ta ce to haka rana take, a ci gaba. Direba ya fara ƙugin inji da baki. Ina kallon Cinnaka, ta kalle ni, ta kalli ƙasa, ta sake kallona, bakinta yana motsi. Can sai na ji ta ce:

"Ba nan kake ba, Kawu. Ta nan ka yi ta ƙona ni, ta hannun cin abinci. Kai kana ta minshari."

Ajin ya yi tsit, don yawancinsu ba su taɓa jin muryarta ba. Rediyo ya waiwayo ya ce ashe bencin yana magana, Malama ta ce direba ya kalli gabansa kar ya kashe mutane. Ni na zagaya dama da gudu har na yi tuntuɓe da kwandasta.

Daga nan Malama ta bar su suka yi ta lissafi. Da safe rana tana gabas. In gabas tana hannun damanka, ina ka dosa? Aka juya kujeru, aka sake juyawa, aka yi musu, har motar ta fuskanci takardar Arewa ni kuma ina tsaye a Gabas. To in arewa muka doso, daga ina muka fito? Malama ta ce hanya takan lanƙwasa, amma a dunƙule amsar ɗaya ce, kowa ya ruga. Suka kwasa gaba ɗaya zuwa bangon Kudu.

Yaya, bangon Kudu shi ne na bayan aji. Ba taga, ba komai, sai kabad ɗin da nake ajiye tsintsiya da bokiti. Ashe kina bayan kabad ɗina duk kwanakin nan. Taga kuwa yamma take kallo, ba ruwanta da ku.

Yara suna ta tafi an gano gari, Cinnaka ba ta yi tafi ba. Ta sauko daga motar ta zo gabana, idonta ya ciko, ta ce a gaban kowa ni na ce mata ta can ne, ƙarya na yi mata. Na ce ba ƙarya ba ce, rashin sani ne. Ta ce babba da shi bai san inda gidansu yake ba. Ta yi kuka sosai, Malama ta rungume ta, ni ina tsaye da roba a hannu ban san ko in ajiye ba.

Tun ranar ba ta kula ni. A hanya tana gaba ina baya. Amma ta yi wa matar Baffa ƙarata tun daga farko har ƙarshe, da kwaikwayon minsharina, har matar Baffa ta ƙware da ruwa. Ban sani ba ko gyara muka yi ko ɓarna. Malama ta ce in jira. Ke ma ki jira tare da ni.

Ƙaninki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya ke da jariri da maigida. Mu ma lafiya, sai gajiyar ƙarshen zango, don an sa ni wanke duk azuzuwa har da sama. Saƙonki ya iso cewa in taho da ita ranar da aka ba da hutu, in haɗo duk kayanta. Kalmar duk ɗin nan ce ta hana ni sukuni, shi ya sa na zauna rubutu tun kafin mu iso.

Bari in ba ki labarin bitar ƙarshe. An koma wasan bango, wannan karon da taswira babba da Malama ta zana a allo, da kogi da tafki da dutse da daji. Tambayar farko Cinnaka ta ruga har ɗankwalinta ya faɗi, kuma daidai. Ta biyu daidai. Yara suna ta zubewa a benci har ya cika wasu suka zauna a ƙasa, ita tana nan. Aka bar su su biyu, ita da Rediyo. Ni ina bakin ƙofa, wai goge ƙofar nake yi.

Malama ta tambaya, in mutum yana bakin tafki yana son zuwa dutse, ina zai dosa. Rediyo ya tafi Arewa, ita ta tafi Gabas. Malama ta ce Rediyo ya ci. Yaya, sai ɗiyarki ta riƙe ƙugu. Ta ce ba ta yarda ba, ai ba a faɗi wane bakin tafkin ba, in ta wannan bakin ne gabas za a yi. Ta je allo ta ɗaga ƙafa tana nunawa da yatsa. Rediyo ya ce Mai Benci ta koma bencinta, ta ce masa shi da aka haifa a garin nan ma da ƙyar ya tsira, ya bari a ƙara tambaya ɗaya ya gani. Malama ta duba taswirar ta ce tana da 'yar gaskiya, amma wasa ya ƙare, sai sabon zango. Ba a ba ta ba. Ta yi ta mita har gida.

Da aka tashi Malama ta ce min maganar aji biyu ta wuce, amma in ja wa yarinyar nan kunne don ta cika tsiwa. Na ce to, na gode, na gode. Ta ce ƙara fa ta kawo min, me nake godiya. Na kasa daina dariya.

Ba zan ce miki ta daina kewarki ba. Jiya ma ta yi kuka da aka zo kitso, wai hannun matar Baffa ba irin naki ba ne. Wani lokaci in ina shara sai in gan ta ta jingina da kabad ɗina. Sai in bar mata kabad ɗin, in ɗauki tsintsiyar wani ajin.

Yau da safe na ba ta jaka na ce ta haɗa kayanta duka, haka Mama ta ce. Ta haɗa. Da na duba sai na ga ba kayan makaranta, ba takalmi, ba littattafai. Na same su a ɗakin matar Baffa, ta ninke su ta ɗora a kan akwati. Na ce ta manta da waɗannan. Ta dube ni irin kallon nan naki ta ce:

"Me zan yi da su a can? Ai nan zan dawo in sa. Rediyo yana jira na."

Ban sa su a jakar ba, Yaya. In laifi ne nawa ne, ki yi min faɗan in na zo, na saba. Za ki gan ta da idonki, ki ji bakinta da kunnenki, kafin kwana biyu ke da kanki za ki tambaye ni yaushe ake komawa. Abin da nake roƙo kawai, in hutu ya ƙare kar ki riƙe ta. Ni zan zo in ɗauke ta, kuma wannan karon ba zan yi barci a mota ba.

Bari in tsaya nan. Ga ta can a bakin ƙofa tana kira na, wai in zo in raba su da ɗan maƙwabta, ta ce masa ƙasa tana juyawa ya ce ƙarya ne, kuma na ji kamar an fara jifa. Dole in tafi yanzu. Ki gaida kowa, sai mun iso.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta